Baffa Ya Aiko Mini Da Saniyata

Tanti Ramla, ina yi miki sallama. Don Allah ki taimake ni da shawara. Mutanen biro, wato ofis ɗinmu, in na gaya musu dariya za su yi, mutanen gida kuma su ne suka daina yi mini magana.

Ni Bafillatana ce daga Isawan, cikin Mayahi. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, wansa Baffa Mati ya riƙe mu, shi ne kuma ya bar ni na yi lakkol, wato karatun boko, lokacin da dangi suka ce ɓata lokaci ne. Yanzu ina aiki a jami'a, a biron da ke taimaka wa malamai neman kuɗin bincike. Malami zai zo da tunaninsa, ni in mai da shi dosiye, wato takardar neman tallafi, irin wanda masu ba da kuɗi na ƙasashen waje suke son karantawa. Gidanmu yana Tasawa, inda mijina Abdulhamid yake kasuwanci, can nake komawa ƙarshen mako.

Bara wani likitan dabbobi na jami'armu, Dakta Rufa'i, ya zo yana son yin bincike kan ciwon da ke kashe shanu a ƙarshen rani. Bai zaɓi wuri ba tukuna. Ni ce na ce a yi a Isawan, don na san ciwon, na kuma so a ce karatuna ya kai wani abu gida.

Tanti, a aikinmu ba a ba mai ƙoshi. In kika rubuta cewa mutane suna lafiya lau, sai a yi miki murna a ba wani kuɗin. Saboda haka na rubuta da Faransanci cewa makiyayan yankin suna cikin matuƙar rauni, garkensu kuma ya taɓarɓare. Kalmomin nan kowane dosiye yana da su, kamar gishiri a miya. Tun da na fara aiki ban taɓa jin an karanta su da ƙarfi ba.

Aka ba mu kuɗin. Aka shirya bikin buɗe aikin a Isawan, da rumfa da kujeru da mikro. Baffa ya yanka rago saboda baƙi, ya naɗa sabon rawani, ya zauna a layin gaba. Dakta Rufa'i ya tashi ya karanta taƙaitaccen bayanin da na rubuta, aka sa Mushe Hisham, malamin lakkol na garin (mu nan Mushe ake kiran malamin lakkol), ya fassara. Mushe Hisham mutum ne mai tsoron Allah, ba ya rage komai. Ya ce takarda ta ce mutanen Isawan matsiyata ne na ƙarshe, shanunsu kuma ramammu ne, sun lalace. Ya maimaita da Fillanci ko akwai wanda bai ji ba. Daga nan Dakta, don ya girmama ni, ya sanar cewa ɗiyarsu ce ta rubuta kowace kalma da hannunta, ya ce a tafa mini. Wasu sun tafa.

Baffa bai tashi ba. Ya jira aka ci ragon, ya raka baƙi har mota, ya yi musu addu'ar sauka lafiya. Washegari ya kora garkensa ya yi arewa, sauran makiyaya suka bi shi, don shi ake kallo. Da ƴan bincike suka dawo da allurai da kwalaben ɗaukar jini, kashin shanu suka tarar, shi ma ya bushe.

Na yi ta kiransa bai ɗauka ba. Innata ce ta gaya mini a waya cewa wai kalmar matsiyaci ba ta dame shi ba, kowa matsiyaci ne a gaban Allah. Abin da bai gane ba shi ne me shanun suka yi mini.

Ran Asabar da ta wuce ina wanki sai ga motar ƴan kasuwar dabbobi a ƙofar gida. Aka sauke saniya. Tawa ce, jikar karsanar da aka ba ni ran sunana, wadda tun da nake ba ta taɓa barin garken Baffa ba. Direban ya ce an ba shi saƙo guda: "Baffanki ya ce tunda ta lalace, jami'a ta gyara ta."

Tanti, saniyar nan da ƙyar ta shiga ƙofa don ƙiba. Yanzu tana tsakar gida inda Abdulhamid yake ajiye babur. Ta cinye zogalen da na shuka, ta fara duban na maƙwabta. Mijina kullum yana sayo harawa, sau ɗaya kawai ya tambaye ni ko a cikin dosiyen an tanadi abincin saniya. Ina ba ki labarin kamar wasa, amma a wurinmu in aka fitar da saniyar mutum daga garke, shi aka fitar. Tun ranar ban iya cin abinci sosai ba.

Sharaɗin Baffa, ta bakin Inna, shi ne in rubuta wa masu kuɗin cewa shanun Isawan lafiyarsu ƙalau, kuma Mushe Hisham ya fassara takardar ran kasuwa. In na yi haka aikin ya mutu, don ba a binciken ciwon da babu. Dakta Rufa'i yana so a mai da aikin Maijirgi, alhali Isawan aka rubuta a yarjejeniyarmu da masu kuɗin, kuma jakunan Maijirgi sun fi shanunta fitowa fili. Shugaban biro ya ce lokacin rahoton farko ya matso, in ba jini ba sakamako za a janye tallafin, sunan jami'a ya ɓaci. Kuma Tanti, ban yi ƙarya ba. Da idona na ga Baffa yana jan gawar shanu bayan gari a wani rani. Sai dai mu ba mu faɗin irin wannan, ko a cikin ɗaki.

In bi Baffa in rasa aikin, ko in bi aikin in riƙe saniya?

Mai saniya a tsakar gida, Tasawa.

Amsa

Ɗiyata, na karanta wasiƙarki, na yi dariya a wuri biyu, sannan na daina.

Ba ki yi ƙarya ba, wannan na yarda. Amma kin ɗauki sirrin garken mutum kin kai wa baƙi ba ki tambaye shi ba, ya zo ya ji shi a mikro yana sanye da sabon rawani. Wannan laifi ne, kuma naki ne. Kada ki ɗora wa Mushe Hisham. Ya zaɓi kalmomi masu kaifi, amma a gonarki ya tsince su.

Shi ma Baffa ya nemi abin da ba zai yiwu ba. Takardar ƙarya za ta kashe aikin, ciwon kuma ba ya karanta takarda, zai dawo da rani. Kada ki rubuta ta. Kada kuma ki yarda a sauya wuri a ɓoye, wannan shi ne zai ɓata sunan jami'a da gaske.

Game da saniya, ina ganin kin karanta saƙon rabi. Wanda ya yanke zumunci ba ya biyan mota ya aiko da dabba mai sheƙi. Hujja ya aiko miki, yana jiran amsa. Kada ki sayar, kada ki mayar a mota. Ki ci gaba da kiwonta har ya ce a kawo, ki kuma gode wa mai sayen harawa.

Ki fara da masu kuɗin. Ku rubuta musu yanzu, ke da Dakta, cewa makiyaya sun ƙaurace saboda yadda aka siffanta su, kuna neman ƙarin lokaci. Sun fi jure jinkirin da aka sanar da su da wuri.

Sannan ki tafi wurin Baffa da ƙafarki, ba motar jami'a, ba Dakta, ke da Innarki. Kada ki yi masa bayanin yadda ake rubuta dosiye. Ki ba shi haƙuri kan abin da kika yi, ki yi shiru ya gama nasa. In ya sauko, ki ce za ki rubuta takarda ta gaskiya: shanun Isawan na kirki ne, masu su sun san kiwo, ciwo ne yake yi musu ɓarna. Shi zai fara jin ta da Fillanci, ya gyara abin da zai gyara, sannan a karanta ran kasuwa. Daga yau kuma duk abin da kika rubuta kan mutane, ki karanta shi da harshensu kafin ki aika. In bakinki ya yi nauyi, ki sauya kalmar.

Ba na yi miki alkawarin zai sauko a zuwan farko. Wataƙila ku rasa ranin bana. In haka ta faru ki koma na biyu, mutumin da ya tsaya miki kika yi karatu ya cancanci sawu fiye da ɗaya. Ki dai yi sauri tun rijiyoyi ba su ja baya ba, ya ƙara yin arewa.

Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya ba dabbobinku lafiya, Ya mai da ke cikin danginki.

Tanti Ramla