A Buɗe Ruwan Vatuloa Bayan Kwana Ɗari

Ni, Rusiate Vakalala, na ƙauyen Naivakarua a tsibirin Kadavu, nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Ƙafafuna ne suka kumbura, kaina lafiya lau. Likitocin Suva sun sallamo ni in je gida in huta, kuma na gane irin hutun da suke nufi. Wasiyyar taku ce ku biyu, 'ya'yana Kelera da Sekove. Ku karanta ta a ɗaki ɗaya, ba ta waya ba.

Na ɗaya. Ku binne ni kusa da mahaifiyarku Unaisi, a kan tudun bayan coci. Ku naɗe ni a tabarmar da ta saƙa da hannunta, wadda ɓera ya ci wa gefe. Na san akwai sababbi, ita nake so.

Na biyu. Gida, gonar gwaza da kwalekwale na Sekove ne, dama shi ke wahala da su. Madubin duba ƙananan halittu da littattafaina na Kelera ne. Kwalaben da ke cikin firji a kai su jami'a, firjin kuma a bar wa Mereoni, matar Sekove. Baiwar Allah nan ta yi haƙuri da ni. Shekara da shekaru tana buɗewa ta ɗauko kifi, sai ta tarar da majinar murjani a kwalba. Ran nan ta ce mini, "Baba, wallahi wata rana sai na zuba maka ita a miya, in ga ko za ka gane wannan 'yar lelen taka." Ki yafe mini, Mereoni, firjinki ya dawo.

Na uku. Bari in faɗi aikin da na ƙarar da ƙuruciyata a kai, domin Sekove bai taɓa tambaya ba, Kelera kuwa tana ganin ta riga ta fi ni sani. Murjanin da ke tudun Vatuloa na cikin teku, inda ƙauyenmu ke kamun kifi, ba dutse ba ne, rai gare shi. Akwai wata koriyar ciyawar teku mai laushi kamar gashin jariri, in ta jingina da shi sai ta shafa masa guba, wurin ya yi fari ya mutu. Ko ba ta taɓa shi ba, tana zubar da wani zaƙi a ruwa, ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su samu abinci su yi yawa, su shanye iskar da murjanin ke shaƙa. 'Ya'yan murjani kuma, da ba su kai ƙwayar gero ba, suna sansana ruwa kafin su zauna. In suka ji warin ciyawar nan sai su wuce. Na ɗauki shekaru ina ɗaure ciyawar a ƙarƙashin ruwa ina leƙen wanda zai ci. Kowane kifi ya ɗanɗana sai ya tofar, saboda ɗaci. Guda ɗaya ne ke cinye ta har saiwa, wato nunga, wannan mai ƙaya a baya da muke dafawa da ruwan kwakwa. Ranar da na tabbatar, na fito daga ruwa ina ihu. Mahaifiyarku tana cikin kwalekwale tana ɓare rogo, ta ce, "Duk bokon nan, Rusi, a kan nunga ya ƙare? Ai da ka tambaye ni na soya maka." Ina kewar matar nan ƙwarai.

Na huɗu. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci, ba ciwon ba. Tun taron ƙauye na shekarar da guguwa ta kwashe rufin makaranta, ba ku ƙara yi wa juna magana ba. Kelera, kin taso daga Townsville ta Ostireliya da takardunki, kin miƙe a gaban dattawa kin ce a rufe Vatuloa har abada, kin kuma ce masu kamun kifi su ne ke kashe shi. Ƙanenki yana zaune a wurin da gishirin teku a gashinsa. Sekove, kai kuma ka ce, "Yaya, 'ya'yanki kifin gwangwani suke ci a Ostireliya, nawa me za su ci, takarda?" Mutane suka yi dariya, ita ta fita da hawaye.

Mutanen gari suna yaba ku. Suna cewa 'ya'yan Rusiate sun riƙe kunyar da al'ada ta sa tsakanin mace da ɗan'uwanta, ba sa zama tabarma ɗaya, ba sa kiran sunan juna. Ni na haife ku, na san bambancin kunya da gaba. Kun samu al'ada kun fake a bayanta. Jikokina na nan ba su san muryar na can ba, wannan kuwa yana yi mini ciwo.

Na biyar. In na mutu, dattawa za su kafa sanda a kan Vatuloa su rufe ruwan kwana ɗari, kamar yadda aka yi wa mahaifina, sannan a buɗe a kama kifin walimar fitar da makoki. Na san abin da ke ran kowannenku. Kelera, kina shirin roƙon kada a cire sandar, a bar wurin a rufe da sunana, kina ganin ba wanda zai iya musa wa mamaci. Sekove, kai kana tsoron haka, shi ya sa kake duban ƙasa in ka kawo mini shayi.

To ku ji. A buɗe ruwan ranar da kwana ɗari suka cika. Ban yarda a ɗauki sunana a toshe bakin tukunyar kowa ba. Na ga wuraren da aka rufe da ƙarfi a wasu tsibirai, mutane suka koma satar abin da kakanninsu suka bar musu, maƙwabci yana kai ƙarar maƙwabci. Kelera, ba ki yi ƙarya ba, tudun yana ciwo, ni na koya miki ganin haka. Amma ba ya bukatar a kori mutanensa.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma a wuyanka na rataya shi, Sekove, domin kai masu kamun kifi ke saurara. A bar nunga. Kada a sa shi a walimata, kada a harbe shi a Vatuloa bayanta, wanda ya faɗa koma a mayar da shi ruwa. Na san shi ne mai tsada a kasuwar Vunisea, na san abin da nake cire maka daga baki. Ba doka na kafa ba, roƙon uba ne. Ke kuma Kelera, ki riƙa zuwa duk shekara ki auna ciyawar, ki gaya wa ƙauye abin da kika gani da harshenmu, a zaune, ba a tsaye ba. Kuma ki ci kifin walimar nan da ƙanenki zai kamo, ki ci a gaban jama'a, ki ƙara.

Na shida. Sandar da za a kafa na riga na zaɓe ta, tana jingine a bayan kicin. Itacen vesi ne, mai nauyin tsiya, na kuma ce a kafa ta da zurfi. Na kai wa mai gari yangona, saiwar da muke gaida manya da ita, na roƙe shi alfarma, ya yi gunaguni cewa mace ba ta cire sanda, daga baya ya yarda, don ba ya son ya yi jayayya da mai barin duniya. Ba wanda zai taɓa ta sai ku biyu. Na gwada ta lokacin ina da sauran ƙarfi, mutum ɗaya ba zai iya ɗaga ta ba. In kun ƙi haɗa hannu, ruwan zai zauna a rufe, ƙauye kuma ya zauna da yunwa yana kallonku, kowa ya san dalili. Ku yi fushi da ni in kuna so, ba na nan balle ku rama.

Allah ya yi muku albarka, ya raya muku 'ya'yanku, ya sa su saba da juna tun suna ƙanana. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe gidan nan, kada ku bari ya rabu biyu a bayana.

Ranar cire sanda, ruwa zai kai muku ƙirji, ƙasan kuma da santsi. Sekove, ka riƙe yayarka.

Mahaifinku,
Rusiate Vakalala