Ku Bar wa Auta Wayarta

Maman Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau. Ɗakin da nake wanke-wanke a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga, amma dama rana ba ta taɓa ƙara mini kyau ba. Hannayena sun ɗan tsattsage, kada ki gaya wa Inna.

Na ji Yaya ya ce a ƙwace wayar Auta, wai kallon tsofaffin gine-gine shiririta ce. Ki gaishe shi, ki ce ban yarda ba. Duk ranar hutuna tare muke yawon duniya ta waya, ita a tabarmarki, ni a katifata. Ita ke karanta mini bayani, tunda bokona a aji uku ya gaji ya zauna. Makon jiya ta shigar da ni wani tsohon masallaci mai ginshiƙai kamar daji, sai da na tuɓe takalmi. Har yau abokan ɗakina dariya suke mini.

Na tsallake teku, ban ga komai ba sai gindin tukunya. Ɗan abin da na gani, yarinyar nan ce ta nuna mini. Duk mai son karɓe wayar, ya zo ya huda mini taga tukuna.

Allah ya yi muku albarka.

Naki,
Baban Auta