Kuɓewa a Kan Bonet

Ukasha maigidana,

Na tafi suna Kafin Maiyaƙi kana barci. Baƙar ledar nan mai saƙar faifai da ka liƙa wa bonet ɗin motarka, wadda kake ce wa kabon, jiya na shafa na ji zafinta kamar tanda. Shi ne na shanya kuɓewata a kai, tunda awakin maƙwabciyarmu Husna sun hana ni shanya a ƙasa. Kwantar da hankalinka, sai da na shimfiɗa zane, ko ƙwarzane babu.

In za ka fita, kwashe min ita a ƙwarya tukuna, kar abokanka 'yan gayun mota su gan ka kana watsa miyarmu a titin Kiru.

Awaki sun yi asara, ni na huta, kwalliyarka kuma ta samu aikin yi.

Kakarka Inna