Babin Shamuwa

Tama, tsakiyar damina

Zuwa ga uwargidana Zaliha, a gidan surukinmu Saleh, Madawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya daɗe bai sha furar hannunki ba. Yaya gajiyar hidima da hayaƙin ruwan zafi? Yaya mai jego, ɗiyarmu Rufaida, da ɗan baƙon da Allah ya ba mu? Ina fatan cibiya ta warke. Mu nan lafiya lau, gero ya fara fidda kai.

Na san za ki ce ga salula a aljihuna, mi ya kai ni ga takarda. Maganar salula iska ke kwashe ta, ita kuwa wagga za ta zauna. Rufaida ta karanta miki a hankali, kada ta tsallake komi.

Ina sanar da ke wani babban al'amari. Ranar da muka kammala makarantar yaƙi da jahilci, malaminmu Mushe Sufyanu ya ce kowa ya rubuta abin da ya sani. Abokan karatuna sun rubuta sunayen ɗiyansu sun tsaya nan. Ni kuwa na duba na ga ba kowa a Tama da ya zauna da masu fiffike da masu ƙafa huɗu kamar yadda na zauna da su, kuma in na mutu sanin nan zai bi ni ƙasa. Saboda haka na sayi kaye na rubutu da alƙalamin bik, na fara littafi.

Na gama babin tantabaru. Na bayyana yadda namiji ke karɓar kwanci da hantsi, macen ta fita kiwo, ta dawo da la'asar ta karɓe shi, ba tare da kowa ya raba musu aiki ba. Na gama babin zabi, da kazarki mai wake-wake da muka sa wa ƙwansu, yadda ta rene su, da yadda take tsayawa bakin danga tana kiran su yanzu da suka girma suka raina ta. Jaki ma ya samu shafi biyu, ko da yake bai cancanta ba.

Amma babin da zai ɗaukaka littafin Allah ne ya jefo mini shi. Iskar da aka yi bayan tafiyarki ta karya reshen gawon bayan rumbu, inda shamuwa ke sheƙa kowace shekara. Da safe na tarar da ɗiyarta ɗaya a ƙasa, jiƙe, gashinta bai gama fitowa ba. Kin san ba mai taɓa shamuwa a garinmu. Maƙwabciyarmu Tabawa ta leƙo ta danga ta ce in bar ta inda na gan ta, kada in jawo wa unguwa abin da ba ta nema ba. Na tafi wurin Liman. Ya ce cutar da ita aka hana, ba a hana taimako ba.

Yanzu tana kwana a zaure cikin tsohon kwando. Ba ta cin hatsi, sai fara da kwaɗi. Ta fara bi na gona, tana tafe bayan hauyata tana tsintar abin da na tono. Na sa mata suna 'Yar Gawo. Ban yi zaton akwai wanda ya taɓa rubuta halin shamuwa daga kusa haka ba.

Ki gaida Saleh da mutanen gida. Ki shafa mini kan jariri.

Ni ne maigidanki,
Iliyasu Abdulhamid, mai rubuta littafi

Tama, farkon kaka

Zuwa ga uwargidana Zaliha.

Bayan sallama da tambayar lafiyarku gaba ɗaya, saƙonki ya iso ta bakin direban motar Madawa. Ya ce kin ce in na gama renon ɗiyar tsuntsu in tuna rufin madafa yana yoyo. Na tuna, kuma zan gyara. Na ji kuma za ki ƙara kwanaki saboda jikin Rufaida bai yi ƙarfi ba. Allah ya ba ta lafiya, ki zauna har ta miƙe.

Mushe Sufyanu ya karanta abin da na rubuta. Ya gyara mini inda na haɗe kalmomi, ya yi dariya a babin jaki, amma da ya zo kan 'Yar Gawo sai ya karanta bai tsaya ba har ya kai ƙarshe. Ya ce zai buga mini shi da inji a Buza, kuma zai zo da wani abokinsa mai ɗaukar hoto, a sa ni da ita a bangon littafi. Ya ce in ba hoto, mutanen birni za su ce ƙirƙira na yi. Zaliha, ki yi tunanin jikanmu ya girma ya ga kakansa a bangon littafi.

Sai dai akwai damuwa. 'Yar Gawo ta iya tashi yanzu. Tana hawa kan rumbu, wani lokaci ta bi 'yan'uwanta har fadama, sai magariba ta dawo. Su kuwa sun fara taruwa, suna kewaya sama da rana, alamar tafiyarsu kudu ta kusa. Mai hoto kuma yana wani aiki a Keita, ba a san ranar zuwansa ba.

Na yi shawara da kaina, na yi mata abin da duk mai kiwon tantabara ya sani. In ka sayo sabuwar tantabara, kana fige dogayen gashin fiffike ɗaya. Ba ciwo ba ne mai yawa, kuma kafin wata ya zagayo sun tsiro, ta tashi abinta. Haka na yi wa 'Yar Gawo a fiffiken hagu. Ta sare ni a hannu, ta ƙi zuwa kusa da ni yini guda, daga baya ta huce. A lissafina, mai hoto zai zo, gashi zai fito, ta samu ayarin ƙarshe. Na rubuta wannan ma a littafi, domin masu zuwa su san dabarar.

Tabawa ta ga gashin a tsakar gida. Ta ɗauki ɗaya ta gwada da damtsenta, ta ce, “Malam Iliya, wanga ne zai tsiro a wata guda?” Na ce mata ita ta san daka, ni na san tsuntsu.

A gaida mai jego da kyau.

Maigidanki,
Iliyasu Abdulhamid

Tama, bayan an gama yankan gero

Zuwa ga Zaliha.

Ina gaishe ku, ina fatan kuna cikin rahamar Allah. An ɗaure damma, an zuba a rumbu, alhamdu lillahi. Amma wagga takarda ba ta farin ciki ba ce.

Shamuwar garinmu sun tafi. Ranar Talata da hantsi suka yi ta kewaya saman gari, suna hawa suna ƙara hawa, har suka zama kamar ƙwayar barkono, sai suka miƙe kudu. 'Yar Gawo tana tsakar gida. Ta yi gudu ta buɗe fukafukai, ta ɗaga kamar kamu ɗaya, ta karkace ta faɗa kan turmi. Ta tashi ta sake. Na shige zaure don ban iya kallo ba.

Lissafina bai yi ba. Na auna ta da tantabara, alhali gashin tantabara tsawon yatsa ne, nata kuwa ya kai damtse. Abin da ya tsiro har yau bai wuce rabi ba. Mai hoto kuma bai zo ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne abinci. Tun da ciyawa ta bushe fara ta yi wuya. Na sayo soyayyar fara a kasuwa, na wanke gishirin da yajin, ta shinshina ta kau da kai. Na gwada mata tsaki jiƙaƙƙe, ta ƙi. Kowace safiya ina naɗe wando in shiga tabkin bayan gari neman kwaɗi, yara suna tsaye suna kallon mai littafi cikin taɓo. Ban damu da su ba. Tabkin ne ke ja baya kullum, ya kusa zama laka. In na ɗauke ta yanzu ina jin ƙashin ƙirjinta a tafin hannuna. A dā tana bi na ko'ina, yanzu tana tsayawa gindin gawo da ƙafa ɗaya, kanta a ƙasa.

Mutane ba su faɗa mini magana a fuska ba, sai dai gaisuwa ta gajarta a masallaci. Na ji ana cewa in shamuwa ta mutu a gidan mutum, 'yan'uwanta ba za su sake sheƙa a unguwar ba, kuma kin san da zuwansu muke sanin lokacin gyaran gona. Tabawa, wadda na zaci za ta yi mini dariya, jiya ta miƙo ƙwarya ta danga da ƙadangaru biyu da ta kashe a bayan ɗakinta.

Na kasa rubuta ko layi ɗaya a littafin. Ki sa mu a addu'a, ni da ita.

Maigidanki,
Iliyasu

Tama, farkon sanyi

Zuwa ga uwargidana Zaliha.

Assalamu alaikum. Na ji daɗin labarin cewa Rufaida ta fara fita tsakar gida, kuma jariri ya yi ƙiba. Allah ya ƙara lafiya. Na gode da busasshen kifin da kika aiko wa 'Yar Gawo. Na jiƙa mata, ta ci kaɗan, shi ya riƙe ta kwanakin nan. Ban san kin damu da ita haka ba.

Alƙasim makiyayi, wanda ke riƙe mana karsana, ya sauko daga arewa ya sauka a gonarmu kamar kowace shekara, shanu suna cin kara suna bar mana taki. Na je gaishe shi da ita a hammata, don ba na iya barin ta ita kaɗai. Da na ajiye ta, sai na ga ta nufi shanun. Duk inda saniya ta taka, 'yar farar da ta ɓuya cikin kara tana tashi, ita kuwa tana cafkewa. Abin da na yini ban samo mata ba ta same shi kafin mu gama shan shayi.

Na tambayi Alƙasim ina suka nufa. Ya ce kudu, wajen bakin iyaka, inda ciyawa ke da sauran ɗanye kuma akwai ruwa kwance. Za su tashi ranar Laraba da asuba. A daren Litinin kuwa Mushe Sufyanu ya kira ni ya ce mai hoto ya samu sarari, suna zuwa ranar Juma'a. Na roƙi Alƙasim ya jira. Ya ce karan ya ƙare, shanu ba su san Juma'a ba.

Zaliha, ba zan ɓoye miki ba, na yi ta juya abin. Na ce kwana biyu ne kawai, ga sauran kifinki. Sai na tuna bayan Juma'ar akwai Asabar, kuma babu wani garke da zai sake bi ta nan. Ranar Talata na koma wurin Alƙasim na ce ina da amana ta biyu bayan karsana. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce a zuri'arsu ba a taɓa ba kowa kiwon shamuwa ba, kuma kada in zo baɗi ina tambayar 'ya'yan da ta haifa. Matarsa Adawiyya ta ce za ta sa ta cikin kwando bisa takarkari tare da 'yan awaki in tafiya ta yi tsawo, a sauke ta wurin kiwo. Na roƙe su abu ɗaya: ranar da fiffiken ya cika, kada kowa ya riƙe ta. Alƙasim ya ce bai yi mini alkawarin za ta rayu ba, bai kuma yi alkawarin labari ba, don inda za su salula ba ta kamawa. Na ce na yarda.

Na raka su har bayan gonakin gari. Ta ƙi kwandon, aka bar ta a ƙasa. Tana tafe tsakanin ƙafafun shanu, tana sara dama da hagu. Na kira ta da irin kiran da nake yi mata in na kawo kwaɗi. Ba ta waiwayo ba, tana cin abinci. Na tsaya har suka gangara kwari, sannan na dawo gida.

Ranar Juma'a baƙi suka zo a kan babur. Mai hoto ya ɓata rai, ya ce an sa shi ya sha hanya a banza. Na ba shi haƙuri, na yanka musu zabo. Ya ɗauke ni a gindin gawo ni kaɗai, amma na ce kada a sa a bango. Mushe ya ce to a cire wurin fige fiffike, don zai rage mini daraja. Na ce a bar shi, sai dai a goge inda na kira shi dabara. Ya ce masu karatu za su so su san ƙarshenta. Na ce ni ma ina so. Abin da na gani da idona kawai zan rubuta, kuma na rubuta shi a gabansa: dukan shamuwar Tama sun tafi kudu ta sama a bana, sai ɗaya da ta tafi da ƙafa, tana ci.

In Rufaida ta samu ƙarfi ki dawo, gidan ya yi mini faɗi. Ki gaida Saleh, ki gaida mai jego da jikana.

Ni ne maigidanki mai kewarki,
Iliyasu Abdulhamid