Anti Ladi, An Ɗauke Rubutun Sani

Zuwa ga Anti Ladi,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan kina lafiya ke da jikokinki, da fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi tunda kin huta da hawa benen ofis. Mutanen Kazaure suna gaishe ki. Matar da kike sayen fura a wajenta har yau tana tambayata yaushe za ki dawo daga Kagoro, ina ce mata ritaya kika yi, ba hutu kika tafi ba.

Na san ba kya son doguwar waya, shi ya sa na rubuto. Na sa wasiƙar a fili ne don ina so wasu ma su gani. Jikarki ta karanta miki a hankali.

Shekara huɗu ke nan da kika bar min teburinki da darasinki, wato koya wa ɗaliban jami'a Turancin karatu: yadda ake gina sakin layi, yadda ake taƙaita abin da aka karanta, da yadda mutum zai faɗi inda ya samo magana. Ranar da na fara zama kusa da ke kin ce min, “Hajara, kada ki gyara wa ɗalibi jimla sai kin tambaye shi me yake so ya ce.” Na riƙe wannan, Anti. Ko a ajin da ɗalibai suka cika har bakin taga ina ƙoƙarin yin haka.

Satar ɗalibai kuwa na saba da ita. Yanzu ma ta fi ta zamaninki, don waya ce take rubuta musu. Sai yaro ya kawo min Turanci sumul, in ce ya tashi ya karanta, ya tsaya yana kallon takardar kamar yau ya fara ganinta. Wani har da sunan mai aikin na asali ya miƙo min. Wannan tana ɓata min rai, amma ba ta taɓa tayar min da zuciya ba. Yara ne, tsoro ne da lalaci, kuma don su aka ɗauke ni aiki.

Abin da ya same ni a zangon nan daban ne.

Ba ki san Sani ba, bayan tafiyarki ya shigo. Mutumin Gwiwa ne, magidanci, yana karatun aikin gona. A kan babur yake zuwa, da damina ya iso wando duk laka. Turancinsa a shekarar farko abin tausayi ne. Sai ya rubuta shafi guda babu aya ko ɗaya. Amma idan na tambaye shi me yake nufi, sai ya yi min bayani da Hausa tiryan-tiryan, in ga cewa kan nan cike yake da ilimi, hanyar fitar da shi ce babu.

Da ya zo shekarar ƙarshe ya zaɓi ya rubuta kundinsa a kan yadda manoman yankinsu suke adana wake da gyaɗa ba tare da maganin kanti ba. Ya bi ƙauyuka daga Gwiwa har Roni, ya zauna da tsofaffi, ya duba rumbuna, ya rubuta wane ne yake sa toka, wane ne yake sa barkono, wane ne yake shimfiɗa ganyen darbejiya, da abin da ya biyo baya a kowane gida. Duk ranar Laraba bayan azahar sai ya kawo min babi mu zauna a kan Turancin. Ban rubuta masa ko layi ɗaya ba. Sau bakwai ya sake babi na uku.

Akwai wata jimla da muka kwashe yamma guda a kanta. Yana so ya bayyana yadda tsofaffi suke kara kunne a jikin buhun wake su ji motsin ƙwari tun kafin a ga gari yana zuba. Ya rubuta, ya soke, ya sake. Da ta fito daidai sai ya karanta ta da ƙarfi, ya dube ni ya ce, “Malama, ashe Turanci ma yana iya ɗaukar wannan?” Da kina nan da kin yi wannan dariyar taki.

Ya miƙa kundin, ya koma gida yana jiran sakamako.

Bayan 'yan makonni sai malamin da ya duba aikin nasa ya shigo ofishina. Ba zan kama sunansa ba, Dakta kawai zan ce. Babba ne a sashen aikin gona, bayanki aka kawo shi. Ya ajiye min takardu ya ce maƙala ce zai aika mujalla, lokacin ƙarin girma ya matso, in taimaka in goge masa Turancin. Kin san yadda suke yi mana, mu malaman Turanci kamar masu wanki da guga suka ɗauke mu. Na karɓa.

Anti, sai da na gyara shafi biyu cur kafin na farga. Ina ta jin kamar na san muryar nan. A shafi na uku na ci karo da tsofaffi sun kara kunne a jikin buhu. Jimlar nan ce, ko waƙafi bai motsa ba. Na koma shafin farko. Sunan Dakta ne shi kaɗai, da jerin digirorinsa a ƙasa. Na duba manazarta, na duba wajen godiya. Babu Sani ko'ina. Babi na uku da na huɗu aka ɗebo aka manna, aka cire sunayen ƙauyuka biyu, shi ke nan.

Na tashi na fita bayan ofis na tsaya.

Kin san abin da ya ƙara min? Wannan mutumin yana cikin kwamitin da ke hukunta ɗalibai a kan satar rubutu. A gabana ya taɓa sa wata yarinya kuka saboda sakin layi biyu da ta kwafo, ya sa ta maimaita shekara. Shi ne kuma ake ba wa lasifika ranar karɓar sababbin ɗalibai ya yi musu huɗuba a kan gaskiya a ilimi.

Washegari na mayar masa da takardunsa. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, “Ranka ya daɗe, wannan aikin Sani ne. A sa sunansa a gaba, naka ya biyo, sai in ƙarasa gyaran.” Bai ko ji kunya ba. Ya yi murmushi ya ce, “Malama Hajara, ke yarinya ce a harkar nan. Ɗalibi ba shi da rubutu. Abin da ya yi a ƙarƙashina nawa ne. Shi wa ya san shi? In ba don ni ba, a kabad aikin zai ruɓe.” Sannan ya ƙara da cewa ai Turancin ma ba na Sani ba ne, nawa ne, don haka me ya dame ni. Wannan ta fi yi min ciwo. Mutum ya yi gumin shekara huɗu ya koyi rubutu, a ce ba zai iya ba don daga ƙauye ya fito.

Na je wajen shugaban sashenmu da kundin a hannu ɗaya, kwafin maƙalar da na ajiye a ɗaya. Ya jera su a tebur ya karanta, na ga fuskarsa ta canza. Na ɗauka an zo wajen. Sai ya rufe su ya ce, “Gaskiyarki ce, amma a rufa wa juna asiri. Ke ma wata rana za ki nemi sa hannunsa.” Ya ba ni ruwan sanyi, ya tambayi lafiyar yarana, ya raka ni bakin ƙofa.

Ba su kaɗai nake ƙyama ba, Anti, har da kaina. Maƙala nawa na goge wa manya a shekarun nan ban taɓa tambayar wa ya rubuta ba? Kuma shafi biyun da na gyara, da hannuna na ƙara ɓatar da sawun Sani a cikinsu. Dakta ya riƙe su. Sauran ya ba waya ta goge masa, ya aika.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi Gwiwa. Na tarar da Sani a ƙofar gida yana gyaran buhuna. Ya rikice da ganina, ya shimfiɗa tabarma, matarsa ta kawo kunu. Na gaya masa komai. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Na sani, Malama. Ya kira ni ya gaya min. Na yi masa godiya.”

Na ce godiya kuma?

Ya ce, “Sakamakona yana hannunsa. Ina da mata da 'ya'ya uku, babur ɗin nan ma ya gaji. In na ɗaga murya wa zai tsaya min? Don Allah ki bar maganar.”

Ni da nake da albashi an rufe min baki da ruwan sanyi, ina zan ga laifinsa?

Da zan tashi na ce ina neman izini ɗaya. Ranar Litinin zan koya wa 'yan shekarar farko yadda ake ambaton mai magana, ina so in yi misali da sakin layinsa, in sa sunansa. Ya ce, “To, amma ki haɗa da na Baba. Maganar kunne a buhu ba tawa ba ce, shi ya gaya min. Na rubuta a ƙasan shafin, ki duba. Malam Hamisu.”

Na duba a mota. Yana nan, da sunan ƙauyen da ranar da suka yi hirar. Dakta ya goge wannan ma.

Ranar Litinin na rubuta sakin layin a allo da manyan haruffa, na sa sunan Sani da na mahaifinsa a ƙasa. Na sa kowane ɗalibi ya taƙaita shi da kalmominsa, ya faɗi daga wa ya samo. Ban ambaci Dakta ba. Wani daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, “Malama, manomi ma ana sa shi a manazarta?” Na ce ana sawa, rubuta. Yanzu takardun suna kan teburinki, tuli guda, kowacce da sunan Malam Hamisu na Gwiwa, wasu ma ba su rubuta shi daidai ba.

Labari ya kai inda zai kai. An sanar da ni cewa daga zango mai zuwa wani za a ba darasin, ni a mayar da ni tsara jadawalin jarrabawa. Maƙalar ta fito. Ana taya Dakta murna a dandalin malamai, kowa yana turo addu'a. Sakamakon Sani ma ya fito, ya ci, na gode wa Allah da abin bai shafe shi ba. Shi ya sa sai yanzu na rubuta, kuma sai da ya yarda.

Anti, na yi kewarki. Da kina nan da na rufe ƙofar ofis na yi kukana a gabanki, ki bar ni in gama, sannan ki turo min rabin gyaɗarki ki ce mu ci gaba da maki. Ban san ko na yi daidai ba, ban san ko ya isa ba. Darasin da kika damƙa min amana ya fita daga hannuna, ki yafe min. In kin samu hali ki kira ni, ko minti biyu ne, in ji muryarki.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya raya miki jikoki. Allah ya sa wa Sani albarka a iliminsa da gonarsa, ya ja kwanan mahaifinsa. Mu kuma da muke tsayawa a gaban allo, Allah ya tsare mu daga cin haƙƙin waɗanda suka zauna a gabanmu. Amin.

Taki har kullum,
Hajara
Kazaure