Na Karya Hannun Mai Kemis Ɗin Garinmu

Jikokina, kafin ku karanta wasiƙar wannan makon, ku cinko mini wannan. Mene ne abin da babban birni ke da shi har tuntuɓe ake yi da shi a titi, amma a ƙaramin gari ko ka kunna fitila da rana tsaka ba za ka samu ko guda ba? Ba bene ba ne, ba cunkoson motoci ba ne. Ku riƙe amsarku a baki, ga wasiƙar.

Kaka, ki taimake ni kafin in aikata abin da za a buga labarina a wani shafin da ba naki ba. Ina rubuto miki da haƙarƙari ɗaya a tsage, ga adda a bayan ƙofa, yau kwana shida ina wasa ta.

Ni mai gyaran firiji ne da na'urar sanyaya ɗaki. A babban birni aka haife ni, can kuma shagon da nake aiki yake. Wata goma sha huɗu ke nan da muka tattaro muka dawo wani ƙaramin gari a gefen birnin, saboda 'yarmu mai shekara biyar. Tana da asma. Tsuntsuwa muke ce mata, don in ciwon ya tashi ƙirjinta fito yake yi. A birni tagar ɗakinmu garejin manyan motoci take kallo, ga janaretan maƙwabta huɗu a ƙarƙashinta, wata ba ya ƙarewa ba a kwantar da ita a asibiti ba. A nan mun samu gida mai fili da bishiyar lemo, haya da sauƙi, kuma tun da muka zo ba a kwantar da ita ba ko sau ɗaya. Wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye ba.

Amma ni garin nan bai yi mini komai ba sai cin raina. Awa biyu zuwa aiki, awa biyu dawowa. Ina fita Tsuntsuwa ba ta tashi ba, in dawo tana hamma. Ban san kowa ba, kwana kawai nake yi a garin. Komai kuma ɗaya ne: gidan mai ɗaya, mai aski ɗaya, mai faci ɗaya, shataletale ɗaya. Ko firiji ne ya lalace sai sun ɗora shi a mota sun kai birni, ki ji ƙauyanci.

A wannan shataletalen abin ya faru, ranar wata Litinin da safe. Na makara. Wani mai babur da hular kwano ya gogi motata, madubin gefe ya ɓalle ya faɗi. A birni yadda muke yi, ka leƙo ta taga ka ɗura wa mutum ashar, shi ma ya ɗura maka, kowa ya kama gabansa. In ta kai ga dambe, ku yi, a raba ku, shi ke nan. Na fito na zage shi. Ya ɗaga hannu yana ba ni haƙuri, ni kuwa ɗaga hannun nan ya ƙara tunzura ni, sai na ga kamar raini ne. Na fizge hular na kai masa naushi a baki, na ji haƙori ya shiga yatsana. Ya faɗi a kan babur ɗin. Da na tsaya nan da sauƙi. Na koma mota na ɗauko sifana. Ya kare fuskarsa da hannun dama, sifanar ta sauka a wuyan hannun, na ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Jini a rigarsa, jini a takalmina. Na shiga mota na tafi aiki, har na gyara firiji uku ranar.

Da na dawo na tarar da uwargida a tsaye a tsakar gida, ko sannu babu. Ashe mai babur ɗin nan mai kemis ne. Shi kaɗai ne a garin. Shi ke ajiye wa Tsuntsuwa maganin shaƙarta, kuma shi kaɗai ke da injin nan da ake turara wa yaro magani ta hanci in numfashi ya ƙi. Ni ban taɓa ganin fuskarsa ba, ita ke zuwa.

Haƙora biyu sun fita, an ɗaure hannun da filasta. Kemis ya yi kwana goma a rufe. Tsofaffi masu hawan jini da masu ciwon sukari sai da 'ya'yansu suka riƙa shiga birni neman magani, kuma kowa ya san wanda ya ja. 'Yan sanda sun kira ni, mai kemis ɗin ya ce a bar maganar. Ƙannensa ba su bar ta ba. Ranar Asabar da azahar suka zo, mahaucin garin da mai facin garin. Mahaucin ya bi tayoyina huɗu da wuƙa, ya fasa gilashin gaba da dutse. Na fito, suka kayar da ni a bakin ƙofata, suka yi ta ƙwallo da ni a gaban matata da 'yata, har na ji abu ya ɓalle a gefena. Maƙwabta na tsaye, sai da suka ga na daina motsi sannan suka ce ya isa. Motar tana nan zaune a kan ƙarfe, don mai facin da zan kai wa shi ne ya taka mini kai. Gashina ya yi tsiri, ba zan zauna a ƙarƙashin askar mai aski ba, an ce surukinsu ne.

Na ce wa uwargida ta haɗa kaya mu koma birni, inda ba wanda ya san wani. Ta ce in tafi, ita da yarinya suna nan. Na jefi bango da faranti, ɓaraguzan suka faɗa kusa da ƙafar Tsuntsuwa. Ban taɓa dukan matata ba, Kaka, amma ranar na ga ta ja baya.

Ga abin da ya fi ƙona ni. Ranar Alhamis da la'asar ina wurin aiki ciwon ya tashi. Uwar ta goya ta ta ruga gidan mai kemis ɗin. Mutumin nan ya fito da filastarsa, ya buɗe shagon da hannun hagu, ya riƙe robar injin da bakin da na fasa, ya haɗa, ya zauna da su har fiton ya tsaya. Bai ambaci sunana ba. Ni na san don ya kunyata ni a idon gari ya yi.

To ki auna mini. A nan akwai iska, akwai fili, amma akwai hanya mai cin rai da mutane masu ido a kaina da ƙannen da nake bin bashin jini. A birni akwai hayaƙi, amma akwai kemis ɗari kuma ba ruwan kowa da kai. In koma? Ko in fara zuwa rumfar mahaucin da addar nan, sannan in koma?

Mai Sifana

Angona mai sifana,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, ta biyun da tabarau, don na ɗauka idona ne ya ga gyaran firiji uku bayan karya hannun mutum. Da kana kusa da na murɗe kunnen nan har sai ya juya yana kallon ƙeya. Kuma auren nan namu na fasa, ba zan zauna da mai tsirin gashi ba.

Da farko addar. Yau ɗin nan ka ɗauke ta ka kai wa dattijon da ya fi kusa da ku, ka ce ya ajiye. Mahauci kake son tara da ƙarfe, mutumin da tun safe yake raba ƙashi da nama? Ko ka ci nasara, kurkuku za ka, yarinya ta girma tana kai maka sabulu. Ka je asibiti a ɗauki hoton haƙarƙarin nan. Abin da ƙannen suka yi maka ta'asa ce, ba na wanke su, kuma in suka sake zuwa ka kai ƙara a rubuce. Amma ka tuna su biyu suka taru suka tsaga maka ƙashi ɗaya, kai kaɗai ka karya ƙashi ka zubar da haƙora biyu a kan madubi.

Yanzu awon da ka nema. Ba ƙarya ka yi ba, ƙaramin gari yana da ciwonsa. Awa huɗu a hanya kullum suna dafa mutum har ya zama abin da ba shi ba. Asibiti da nisa, kuma in ka yi tari a ƙofar gida kafin la'asar an ce tarin fuka ne. Birni kuma yana da daɗin ɓuya. Sai dai duk abin da ka lissafa a ɓangaren birni naka ne, abin da ke ɓangaren garin nan kuwa huhun Tsuntsuwa ne. Wata goma sha huɗu ba gadon asibiti. Ban yi boko mai zurfi ba, amma na san wanda ya fi nauyi. Kuma in ka koma birni hannunka zai bi ka. Farantin nan ba mai kemis ne ya jefa ba, ba hanya ce ta jefa ba. Matarka ta ja baya sau ɗaya, kada ka bari ta koyi yin hakan. Ita za ka fara ba haƙuri, sannan ka nemi likita ko wani babba da kake jin nauyinsa ka gaya masa yadda zuciya ke ɗebe ka, kamar yadda ka gaya mini.

Bari in tona wa kaina asiri. Ina amarya aka kai ni wani ɗan gari kamar naku, ni ma 'yar birni mai ɗaga hanci. A bakin famfo wata mata ta ture mini bokiti, na cire takalmi na tsaga mata goshi, jini har cikin ruwan. Ina da cikin wata bakwai. Ka cinki ko wace ce. Ungozomar garin, ita kaɗai. Wata biyu ina addu'ar cikin ya fasa fitowa. Ranar haihuwa ta zo da tabonta a goshi, ta karɓi babban ɗana, ta wanke shi, ta miƙo mini. Na yi kuka har aka ɗauka naƙuda ce ta dawo. Ni ma na ce don ta kunyata ni ta yi. Ba don ni ta yi ba, aikinta ta yi, kuma jaririn bai jefe ta da komai ba. Mai kemis ɗinka yarinya ya gani tana neman numfashi. Kunyar da kake ji taka ce, kai ka haife ta, kada ka ɗora masa renonta.

Ga abin da za ka yi. Da rana, a ƙafa, tare da dattijon da ka ba addar, ka je gidansa. Ka ba shi haƙuri ba tare da ka sa "amma" a ciki ba, ko madubin kada ka ambata. Ka ɗauki nauyin jinyarsa da gyaran haƙoransa. Sannan, tunda ka karya masa hannu, ka ara masa naka: kowace Asabar ka ɗaga masa ƙofar ƙarfe, ka sauke kwalaye, ka duba firijin da yake ajiye allurai. Ƙannen za su harare ka, bar su su harara, da wuya a doki mutumin da ke ɗauke da kwalin maganin yayansu. Ku kuma ajiye maganin shaƙa biyu a gida, ku tambayi likita ko ya kamata ku mallaki injin nan naku na kanku.

Akwai kuma abin da ka rubuta da hannunka ka kira shi ƙauyanci. Ka ce in firiji ya lalace sai an kai birni. Garin da komai ɗaya ne, mai gyaran firiji babu ko ɗaya, kai kuma kana ƙona awa huɗu kullum don ka je ka zama na ɗari a wani wuri. Fara da na mai kemis. Mahaucin ma yana da firiji, kuma zafi na nan tafe.

Ka ba abin wata uku. In bayan haka barazana ba ta tsaya ba, ku tashi, amma zuwa wani wuri mai iska, ba tagar gareji ba, kuma da yardar uwar yarinya. Allah ya haɗa ƙashinka da nasa, ya ba Tsuntsuwa numfashi mai tsawo, ya sanyaya maka zuciya kamar yadda kake sanyaya ɗakunan mutane. Ka je ka yi askin, ka ce ni na aiko ka.

Ku kuma masu riƙe da amsa a baki, abin da birni ke da shi da yawa, ƙaramin gari ba shi da ko guda, shi ne mutumin da ba za ka sake gani ba.

Kakarku