Kaset ɗin Baba Dramani

Maamobi, Accra
7 ga Fabrairu, 1988

Zuwa ga matata Zelia,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin sauka Kumasi lafiya, hanya ba ta jijjiga ki ba. Yaya nauyin jiki? Yaya mahaifiyarki Mma da ciwon ƙafarta? Ki miƙa mata gaisuwata cikin girmamawa. Ni ina nan lafiya, sai dai ɗakin ya yi min faɗi tun ranar da kika tafi.

Akwai maganar da na so in yi miki kafin ki hau mota, ban samu yi ba. Kin san Malam Gafaru, dattijon da ya yi aiki a gidan rediyo har ya yi ritaya, wanda yake kawo min motarsa shagonmu na Abossey Okai in gyara masa wayoyi. Ya ji kaset ɗin da na ɗaukar wa abokina Mas'udu da 'yan kiɗansa da injina na ɗaukar sauti mai layi huɗu, ya ce ina da kunne. Bayan kwana biyu sai ga shi da takarda. Akwai wata makaranta da ake koyar da ɗaukar sauti da haɗa kiɗa, wata tara, kullum daga safe zuwa azahar. Ya ce zai tsaya min in je su gwada ni a watan Afrilu.

Na yi masa godiya, na ninke takardar na ajiye. Gaskiya ban ga abin da zan je nema ba. Shekara uku ina tare da injin nan, ba wanda ya nuna min komai. Ni na buɗe cikinsa, ni na ƙona shi, ni na gyara. Mas'udu ma ya ce ya ga waɗanda suka fito daga irin makarantun nan, in aka ajiye musu kalangu ba su san inda za su kafa makirfo ba. Ga shago kuma. Ba zan bar wa abokin aikina Mutala aikin mutum biyu ba a lokacin da muke jiran baƙo.

Ki riƙa cin abinci ko ba kya so. Ki gaida mutanen gida duka.

Mijinki,
Jibirilu

Maamobi
6 ga Maris, 1988

Zelia,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta iso ta hannun direban da kika ba, na karanta ta sau uku. Na gode Allah da kike lafiya. Na lura ba ki ce komai a kan makarantar ba.

Wani abu ya same ni, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa yadda yake. Kin tuna Baba Dramani mai goge, wanda ya yi wasa a bikinmu. Idonsa ya tafi gaba ɗaya, ɗansa ya zo zai mai da shi garinsu can wajen Bawku, ba kuma zai dawo ba. Shekara hamsin yana kiɗa a unguwannin Nima da Maamobi, ba a taɓa ɗaukar muryarsa ba, don bai taɓa yarda ba. Na bi shi sau huɗu. A na huɗun ya ce in zo ranar Talata bayan la'asar, sau ɗaya tak, don ranar Laraba za su kama hanya.

Na ɗauki injin a ka har gidansu. Na roƙi matan gidan suka dakata da daka, na rataye barguna a taga. Ya yi waƙa shida. A ta ƙarshe ya ambaci mutanen da suka fara sauka a unguwar nan ɗaya bayan ɗaya, har da kakana, wanda ni kaina ban san sunan mahaifinsa ba sai ranar. Muryarsa ta yi rauni, sai na ƙara ƙarfin injin don kada komai ya kuɓuce. Abin da nake ji ta abin sauraren da na sa a kunnena kuwa garau yake. Da muka gama ya riƙe hannuna, ya ce to, ya bar min su, waƙoƙin da sunayen.

Da na dawo gida na sa kaset ɗin, sai ƙarar tsagewa. Duk inda ya ɗaga murya, sai ta fashe kamar ana yaga takarda. Gogen ya haɗiye sauran. Washegari da na isa gidan, motarsu ta riga ta tashi.

Kwana biyar ina juya shi, na rasa abin da na yi ba daidai ba. Daga baya na kai wa Malam Gafaru. Bai saurari minti ɗaya ba ya kashe. Ya tambaye ni ina allurar injin mai nuna ƙarfin sauti take lokacin da nake ɗauka, na ce tana cikin ja, amma kunnena bai ji komai ba. Ya ce abin da nake ji daga makirfo yake zuwa kai tsaye, ba abin da kaset ke karɓa ba ne, kuma kaset yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Ya ce a satin farko ake koyar da wannan. Bai yi min faɗa ba. Da ya yi, da ya fi min sauƙi.

Ba ya gyaruwa, Zelia. Sunayen nan rabi ne kawai ake ganewa.

Ki yi min addu'a, ni ma ina yi miki. Allah ya sauke ki lafiya.

Jibirilu

Maamobi
3 ga Afrilu, 1988

Zelia tawa,

Assalamu alaikum. Na dawo lafiya. Yaya jikinki, yaya baƙuwarmu? Har yanzu in na rufe ido ina ganin 'yan yatsunta. Ki sake yi wa Mma godiya a kan hidimar suna, Allah ya saka mata da alheri.

Maganar da kika yi min a bakin ƙofa, da zan tafi tasha, ita ta rako ni har Accra. Kin ce ba shago ne ya hana ni ba, ba kuma Mas'udu ba, tsoron aji nake yi. Na ji haushi har muka wuce Nkawkaw. Daga nan kuma na daina, don gaskiya kika faɗa.

Ban taɓa ba ki labarin yadda na bar makaranta ba. Na ce miki Baba, mahaifina, ne ya cire ni don in koyi sana'a. Ba haka aka yi ba. Ina aji biyu na makarantar midil, malami ya tsayar da ni in karanta Turanci a gaban aji. Na tsaya a kan kalma ɗaya na kasa wucewa, yara suka yi ta dariya, shi ma ya taya su. Ban sake komawa ba. Wata biyu ina fita da kayan makaranta in tafi garejin makanikai, kafin Baba ya gane. Tun daga ranar, duk abin da zan koya, sai in koya ni kaɗai, inda ba mai ganin kuskurena. Na daɗe ina kiran wannan ƙwazo.

Na yi magana da Mutala. Ya ce shi ya ɗauka tuni na amsa, kuma zai riƙe shagon da safe, ni in karɓa daga azahar da ranar Asabar. Mas'udu bai ji daɗi ba, ya ce za su lalata min kunne da lissafi. Na ce masa kunnen nan ne ya ce min komai lafiya ranar Talatar da na ɗauki Baba Dramani.

Ranar sha biyu ga wata za su gwada ni. Na kai farar rigata wajen mai guga.

Naki,
Jibirilu

Maamobi
22 ga Mayu, 1988

Zelia,

Assalamu alaikum, barka da sallah. Ina fata kun yi ta lafiya ke da yarinya da Mma. Ki yafe min jinkirin wasiƙa, azumi da karatu da shago sun haɗu min.

Kamar yadda na aiko miki da saƙo, sun ɗauke ni. Mu goma sha huɗu ne, ni ne babba, har sun sa min suna Alhaji. Ba zan ɓoye miki ba, a wani fannin Mas'udu ya yi gaskiya. Sati huɗu ke nan, sau biyu kawai muka taɓa inji, sauran duk allo ne da alli. Akwai abubuwan da hannuna ya sani tun tuni, sai yanzu nake jin sunansu. Akwai kuma waɗanda na shekara uku ina yi a karkace.

Ranar Litinin malamin yana bayanin yadda ake auna ƙarfin sauti, ya cika allo da lambobi, na ɓace tun a layi na biyu. Ya juyo ya tambaya ko kowa ya gane. Na ɗaga hannu, na ce da Turancina na gareji ban gane ba. Wani a baya ya yi dariya. Malamin ya goge allon, ya sake farawa a hankali, rabi da Turanci rabi da yaren Twi, har sau biyu. Da aka tashi, mutum uku suka biyo ni bakin trotro, motar haya, suna godiya, su ma ba su gane ba. Wanda ya yi dariyar yana cikinsu.

Kin ce Mma ta yarda ku dawo ranar Alhamis ta sama. Na share ɗaki, na sa sabon gidan sauro. Abu ɗaya nake roƙo, kada ku hau motar farko. Ina aji har azahar, kuma ba na so in rasa darasin ranar. Ku hau wadda za ta iso da la'asar, za ki same ni a tasha.

Mijinki mai ɗokin ganinku,
Jibirilu